Wa Zai Ɗauki Kofi Bana? Hasashen Ƙwallo a Zangunan Fatakwal, Anacha da Enugu

Da zarar an ce saura 'yan makonni a buɗe gasar Firimiya ta Najeriya, sai gardama guda ta tashi a duk inda 'yan Arewa suke taruwa a kurmi: wa zai ɗauki kofi bana, wa kuma zai gangara ajin gajiyayyu? Za ka ji ta a teburin mai shayi a Diobu cikin Fatakwal, ka ji ta a gindin tirelolin albasa da ke sauke kaya a bakin gadar Anacha, ka ji ta a Garki ta Enugu bayan an tashi daga ciniki. Gaskiya ne cewa Arsenal da Chelsea da Real Madrid sun cinye mafi yawan bakin samari, amma gardamar gida ba ta mutu ba. A waɗannan garuruwa ma ta fi ta Kano zafi ta wani ɓangaren, domin mutumin zango yana zaune ne a tsakiyar manyan ƙungiyoyin ƙasar: Rivers United a Fatakwal, Rangers a Enugu, Enyimba a Aba, duk a kan titi ɗaya, ga kuma Kano Pillars da Katsina United da El-Kanemi da ya taho da su a zuciya daga gida.

Ni ina ganin wannan gardama ta cancanci a ɗauke ta da muhimmanci, kuma ina ganin yawancin masu yin ta suna fara lissafi daga inda bai kamata ba. Suna farawa da sunayen 'yan wasan da aka saya. A gasarmu kuwa, sunaye su ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba.

Kafin in shiga hujja, yana da kyau a leƙa ƙasar da ta mayar da hasashen kafin kaka sana'a sukutum, wato Amurka, a wasansu na zari-ruga da suke kira ƙwallon ƙafa. Gasar NFL tana da ƙungiyoyi 32, kowace tana buga wasa 17 kafin zagayen sili-ɗaya-ƙwale, ana farawa a watan Satumba a rufe da wasan Super Bowl a Fabrairu. Tun daga Afrilu, lokacin da ƙungiyoyi suke zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, jaridu da gidajen talabijin ba su da aiki sai jera ƙungiyoyi daga ta ɗaya zuwa ta 32, har da faɗin yawan wasannin da kowace za ta ci. Mutanen Enugu ba baƙin wannan wasa ba ne kacokan. Christian Okoye, wanda aka haifa a Enugu a 1961, ya tafi Amurka ne a matsayin ɗan wasan jifa, bai taɓa zari-ruga ba sai da ya girma, amma ya buga wa Kansas City Chiefs daga 1987 zuwa 1992, kuma a 1989 babu wanda ya kai shi yawan gudu da ƙwallo a duk gasar.

Abin da ya ba hasashen Amurkawa gindin zama shi ne tsari. Ƙungiyar da ta ƙare a ƙarshe ita ke fara zaɓen sabon ɗan wasa a shekara mai zuwa. Tun 1994 akwai iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi. Babu faɗuwa aji na biyu. Kwantiragin kowane ɗan wasa a fili yake, raunin da ya ji a fili yake, ranar kowane wasa an san ta wata huɗu kafin a fara. Mai hasashe yana aiki da abin da ya gani a rubuce. Duk da haka sukan sha ƙasa. St. Louis Rams ta ci wasa 4 kacal cikin 16 a 1998, jagoran 'yan wasanta ya ji rauni ana dab da fara kakar 1999, aka miƙa ragama ga Kurt Warner, mutumin da 'yan shekaru kafin nan yake jera kaya a kanti, sai ga su da kofi. To idan masu takarda a hannu suna kuskure haka, ina ga mu da ranar buɗe gasar ma sai an ɗage ta?

Mu dawo gida mu dubi abin da ya faru. Kano Pillars ta ɗauki kofi sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Daga nan har zuwa 2025 babu ƙungiyar da ta iya kare kambunta ko sau ɗaya. Enyimba ta karɓa a 2015. Rangers ta ɗauka a 2016 bayan shekara 32 tana jira, ranar da ta lallasa El-Kanemi da ci 4 da nema a filin Nnamdi Azikiwe, garin Enugu ya cika ya batse. Shekara ta zagayo sai ga zakarun suna fafutukar tsira daga faɗuwa, an sallami koci Imama Amapakabo da ya kawo musu kofin, Plateau United ta Jos kuma, wadda ba ta daɗe da haurowa ba, ta yi gaba da shi. Akwa United ta ɗauki na farko a tarihinta a 2021, ta faɗi aji na biyu a 2025. Pillars da kanta ta ci kofin ƙalubale a 2019, ta faɗi a 2022 tare da Katsina United, sannan suka dawo tare a 2023. El-Kanemi kuwa tana aji na biyu ta ci kofin ƙalubale a 2024. Wanda ya ga wannan jeri zai iya cewa ai gasar Najeriya ba ta hasasuwa, sa'a ce kawai. Ban yarda ba. Tana hasasuwa, sai dai alamunta ba a cikin fili suke ba.

Alama ta farko kuɗi ne, kuma ba yawansu ba, fitowarsu a kan lokaci. Galibin ƙungiyoyin gasar mallakar gwamnatocin jihohi ne. Ma'ana, ƙarfin ƙungiya yana rataye da ra'ayin mutum ɗaya, da yanayin asusun jiha, da kuma ko shekarar zaɓe ce. Gwamna mai son ƙwallo yakan ɗaga ƙungiya cikin shekara biyu. Wanda ya gaje shi yana iya barin ta ta bushe ba tare da ya kori kowa ba. Rivers United misali ce a fili. An kafa ta a 2016 ta hanyar haɗe tsofaffin ƙungiyoyin Fatakwal biyu, Sharks da Dolphins, a zamanin Gwamna Nyesom Wike. Da aka tara kuɗin da ake rabawa gida biyu wuri ɗaya, ƙungiyar ta zo ta biyu a shekararta ta farko, ta sake zuwa ta biyu a 2021, ta ɗauki kofi a 2022. Duk wanda yake zaune a Fatakwal a waɗannan shekaru bai buƙaci malamin duba ba. Ya ga ana biyan 'yan wasa, ya ga ƙwararru daga wasu jihohi suna tururuwa zuwa garin. A ɗaya gefen kuma, ba baƙon labari ba ne a gasar nan a ji 'yan wasa suna bin albashin watanni da kuɗin sa hannu da alawus na wasa. Ɗan wasan da mai gida ya ba shi wa'adin tashi, matarsa tana kira daga ƙauye kan kuɗin makarantar yara, ba zai sa ƙafarsa inda za ta karye a minti na 85 ba, kuma babu mai adalcin da zai zarge shi.

Wannan ne ya sa jerin sababbin 'yan wasa yake ruɗin mutane. Yawancin kwantiragi a gasarmu gajeru ne, ƙungiya takan sallami mutum goma sha wani abu ta ɗauko wasu a kaka guda. Idan ka ji an ce ƙungiya kaza ta sayi 'yan wasa 15, kada ka yi saurin tafawa, tambayi dalilin da ya sa 15 na bara suka tafi. Ga kuma wata cuta da babu maganinta tukuna: duk yaron da ya yi fice a zagayen farko, kafin a kai ƙarshe an ɗauke shi zuwa Masar ko Tunisiya ko Tanzaniya ko wata ƙaramar gasar Turai. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kakar 2009/2010, bai ƙara wata kakar ba ya tafi Holan. Abin alfahari ne gare shi, amma ga mai hasashe darasi ne: ƙungiyar da ta dogara da ɗan gaba ɗaya tilo, gwanintarsa ce za ta raba ta da shi.

Alama ta biyu ita ce hanya, kuma a nan ne mutumin zango ya fi kowane ɗan jarida sani. Ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38, rabi a gida rabi a waje, kuma mafi yawan tafiye-tafiyen a mota ake yin su. Daga Maiduguri zuwa Fatakwal ya haura kilomita 1,000. Direban da ke ɗauko shanu daga Potiskum zuwa Lokpanta, ko tumatir daga Kano zuwa Anacha, ya san abin da wannan tafiya take yi wa ƙugu da gwiwa. Ya san inda kwalta ta mutu, inda ake kwana a layi, inda ba a bi bayan magariba, ya san halin Lokoja idan Kwara ta cika ta hau titi. Ƙungiyar da ta buga a Katsina ranar Lahadi aka ce ta bayyana a Uyo ranar Laraba, an riga an ci ta rabin wasa tun a mota. Hanyar kuma ba gajiya kaɗai take kawowa ba. A watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Kano Pillars wuta a kan hanyarsu ta zuwa Owerri wasan farko na kaka, 'yan wasa biyar suka ji rauni, cikinsu har da Gambo Mohammed. Ƙungiyar da ta ɗauki kofi uku a jere ba ta sake ɗaukar na gasar ba tun daga nan. Ba na cewa harin ne kaɗai sanadi, amma babu wani mai hasashe da ya sa shi a lissafinsa a watan Fabrairu.

Haɗe da hanya akwai batun gida da waje. Shekaru da dama, ƙa'idar da ba a rubuta ba ita ce kowa ya ci gidansa. Pillars ta yi shekara 12 ba a doke ta a wasan gasa a gida ba, har sai da Nasarawa United ta karya lagon a 2015. Kirarin Sai Masu Gida ba a banza ya zauna ba. Wani ɓangare na wannan ƙarfi na halal ne: zafin Kano, cikar filin Sani Abacha, amon ganguna, sanin kowane lungu na filinka. Wani ɓangaren kuma, a faɗin ƙasar baki ɗaya, kowa ya san ba na halal ba ne. Alƙalin wasan da ya san ba shi da isasshen tsaro, kuma ya san ta ƙofar da zai fita, yakan ga fenareti inda babu. An samu sauƙi a 'yan shekarun nan, musamman a wasannin da ake haskawa kai tsaye, kuma cin wasa a waje ya daina zama abin al'ajabi. Amma lissafin bai canza ba: tun da kusan kowa zai tara makinsa a gida, kofi yana hannun wadda za ta iya tsinto canjaras a Jos, ta sato nasara a Ilorin. Sannan a tambaya, shin ƙungiyar a gidanta ma za ta buga? El-Kanemi ta yi shekaru tana karɓar baƙi a wasu garuruwa saboda rikicin Boko Haram. Rangers ta yi zaman Awka lokacin da ake gyaran filinta. Ƙungiyoyi da yawa, har da Pillars, an sha kora su wani gari saboda tarzomar magoya baya. Ƙungiyar da aka raba da filinta ta zama marainiya, wasa 38 duk a waje take buga su.

A nan zan ce wa 'yan uwana magoya baya wata magana da ba ta da daɗi. Duk dutsen da aka jefa cikin fili, maki ne aka jefar. Mai son ya san inda ƙungiyarsa za ta ƙare, ya fara da duban halin mutanen da ke zaune kusa da shi a kan benci.

Alama ta uku ita ce koci, kuma ba sunansa ba, daɗewarsa. Stanley Eguma ya riƙe Rivers United tun kafuwarta, an yi haƙuri da shi shekara shida kafin kofi ya zo. Remo Stars ta Ikenne, wadda ba ta gwamnati ba ce, ta Kunle Soname ce, ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023, ta biyu a 2024, sannan ta ɗauka a 2025 a hannun Daniel Ogunmodede. Wannan hawa ne na tsani, mataki bayan mataki, kuma duk mai ido ya gan shi yana zuwa. Kennedy Boboye ya ɗauki kofi da Plateau United ya sake ɗauka da Akwa United, abin da ke nuna akwai masu horarwar da suka san sirrin wannan gasa musamman. Fidelis Ilechukwu ya zo Rangers da gogewar MFM da Heartland da Plateau United, ya ba su kofi na takwas a 2024. Finidi George ya ɗauka da Enyimba a 2023, daga baya ya koma Fatakwal. Wani abin da 'yan zango suke yawan tunawa, kuma suna da gaskiya, shi ne cewa ƙwallo ta daɗe tana haɗa Kano da ƙasar Ibo: Kadiri Ikhana da ya ci wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003 shi ne ya ba Pillars kofin gasarta na farko a 2008, Okey Emordi da ya ci wa Enyimba na 2004 shi ne ya ba Pillars na 2014.

Sai kalanda, wadda ba ta buƙatar dogon bayani. An tsayar da kakar 2018 bayan wasa 24 saboda rikicin shugabancin hukumar ƙwallo, aka tura Lobi Stars ta wakilci ƙasa. Kakar 2019 da ta 2023 an gajarta su, aka raba ƙungiyoyi rukuni biyu, aka ƙare da gasar 'yan shida. Ta 2020 annobar korona ta katse ta. Hasashen da aka gina a kan wasa 38 ba ya aiki idan aka wayi gari kofi ya koma wasa biyar a fili ɗaya cikin kwana goma. Ƙungiyar da ke wakiltar ƙasa a gasar Afirka kuma tana da nata nauyin: Rivers United ta kai zagayen 'yan takwas a kofin Confederation a 2023 da 2024, amma kwantan wasannin da suka taru mata a gida sun ci mata maki.

Wasannin share fage fa? Ana yin su, kamar gasar Ahlan a Kano da wadda aka riƙa shiryawa a Fatakwal da sunan Gwamna Wike. Suna da amfani ga koci mai gwada sababbin yara. Ga mai hasashe kuwa amfaninsu kaɗan ne, domin babu doguwar tafiya, babu matsin 'yan kallo, kuma yaron da ke neman a ba shi kwantiragi yana gudun da ba zai sake yin irinsa ba bayan ya sa hannu.

Ga irin hirar da ake ji a zango a wannan lokaci. Dare ya yi, janareto na ƙara, mai shayi yana fasa ƙwai a kofi yana kaɗawa, wani saurayi mai sayar da kayan waya ya tura wa wani dattijon direba wayarsa.

"Baba, duba nan ka gani. Wallahi bana an yi mana sayayya. 'Yan gaba biyu, ga gola sabo. Kofin nan Kano zai kwana."

Dattijon bai karɓi wayar ba, ya ci gaba da juya shayinsa. "An biya na bara?"

"Ai an ce za a biya, Baba."

"To. Wasanmu na farko a ina ne?"

"Aba. Sai mu dawo gida, sai Fatakwal."

"Yaro, shekaranjiya na biyo hanyar nan. Ka bari su je su dawo tukuna, in sun kawo maki ɗaya daga cikin biyun nan, zo ka same ni mu yi maganar kofi. Shayinka ma ni zan biya."

Tambayoyin dattijon guda biyu sun fi shafi guda na sunaye. Bai karanta kowace jarida ba, amma ya auna ƙungiya da ma'aunin da yake auna kowace tafiya: an sallami ma'aikata, kuma yaya hanya?

Akwai wani abu kuma da ya sa nake sauraren hasashen mutanen zango fiye da na 'yan gida. Mutumin da ke Kano yakan ga Pillars a filin Sani Abacha kaɗai, inda take zaki. Mutumin Enugu ko Fatakwal yana ganin ta a ranar da ta sauko daga mota ƙafa a kumbure, 'yan kallo dubbai suna yi mata ihu. Ya san fuskarta ta waje, wadda ita ce ke yanke hukunci a teburi. Ya kuma san abokan hamayya da idonsa, don mako-mako yana jin yadda maƙwabtansa suke yabo ko zagin ƙungiyarsu. Da yawa daga cikin yaran da aka haifa a can suna jin Ibo ko turancin buroka kamar ruwa, kuma zuciyarsu biyu ce ba tare da wani rikici ba: Rangers ko Rivers United duk mako, Pillars ranar da ta zo gari. Wannan ba sabon abu ba ne. Zaman 'yan Arewa a Enugu ya yi zurfin da a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Enugu na farko, tun kafin a kafa Rangers a 1970 bayan yaƙin basasa. Wanda ya san abin da Rangers take nufi ga mutanen da suka fito daga wannan yaƙi, yadda su Christian Chukwu suka ɗauko kofin Afirka a 1977 suka ɗaga kan al'umma guda, ba zai yi mamakin yadda ɗan zango yake taka-tsantsan a filin Enugu ba. Idan Pillars ta ci, yakan yi murnarsa daidai wa daida, ya ajiye sauran sai ya koma unguwa. Gobe da safe da mutanen nan zai yi ciniki.

Anacha ita ce ta fita daban. Gari ne mai kasuwar da ake sa ta cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, amma ya daɗe ba shi da ƙungiya a babbar gasa tun bayan dusashewar Jasper United. FC Ifeanyi Ubah ta Nnewi, wadda ta ci kofin ƙalubale a 2016, ita ma ta ja baya. Saboda haka gardamar Anacha ta fi karkata Turai, kuma idan aka zo ta gida, 'yan kasuwa kan raba kansu tsakanin Rangers da Enyimba. Amma mutanen Anacha ne suka ga wasan da har yau ake kafa hujja da shi a kan duk mai cika baki. A watan Oktoba na 2018 aka buga wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a filin Stephen Keshi da ke Asaba, tsallaken gada kawai. Pillars ta zura uku ba ko ɗaya, har an shiga kashi na ƙarshe na wasan, wasu sun fara kiran gida suna taya juna murna. Rangers ta farke ukun nan ɗaya bayan ɗaya, ta kuma ci a bugun fenareti. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Abin da ya burge ni shi ne abin da ya biyo baya: shekara guda bayan wannan ɗaci, Pillars ta koma wasan ƙarshe a Kaduna ta doke Niger Tornadoes a fenareti ta ɗauki kofin. Ginshiƙan ƙungiyar irin su Rabi'u Ali suna nan ba su watse ba, kuma wannan ma alama ce da mai lura zai iya karantawa tun kafin a fara.

Ba zan rufe ido a kan abin da ke cin wannan al'ada ta ciki ba, wato caca. A da, ladan hasashe shi ne a ce wane ya san ƙwallo, hukuncin kuskure kuma tsiya ce ta mako guda. Yanzu shagunan caca sun cika titunan Fatakwal da Anacha da Enugu, wayar hannu kuma ta kawo su har cikin aljihu. A Kano akwai Hisba da idon iyaye. A zango yaro yana nesa da duka biyun, ga kuɗin ciniki a hannunsa kullum, wani lokaci ma kuɗin maigidansa ne. Na ga yaran da suka zo kurmi da niyyar tara jarin aure suka koma gida da jakar kaya kawai. Addini ya haramta, wannan kowa ya sani, amma ko ta fuskar lissafi abin ba ya ɓillewa. Leicester da ta ɗauki kofin Ingila a 2016 ana ba ta damar 1 cikin 5,000 ita ce labarin da ake ruɗin yara da shi, ba a ba su labarin dubban takardun da ake yayyagawa kowace Asabar. Mai caca kuma ba ya koyon ƙwallo. Ba ruwansa da yadda aka tsara 'yan baya ko dalilin da ya sa aka canza ɗan tsakiya, sakamako kawai yake jira, shi ya sa za ka ga ya zagi ƙungiyar da yake ƙauna don ta ci da ƙwallo ɗaya maimakon biyu. Sarakunan Hausawa da limaman masallatan zango suna da aiki a nan, kuma ina ganin hanyar ba hana yara ƙwallo ba ce. Gasar unguwa da ƙungiyar magoya baya mai rajista da shugabanni, wadda za ta tarbi Pillars ko Katsina United idan sun zo, ta kai musu ruwa da abinci a masauki, ta fi wa'azi kaɗai riƙe matashi.

Idan aka matsa mini in faɗi nawa hasashen, bisa abin da aka gani zuwa ƙarshen kakar 2024/2025, ba zan fitar da Rivers United daga ukun farko ba muddin kuɗinta na fita kuma ba a taɓa kocinta ba, ko da yake wasannin Afirka za su ja mata ƙafa. Remo Stars tana da tsarin da ya fi na kowa, amma tarihin shekara goma ya nuna kare kambu a ƙasar nan ya fi ɗaukarsa wuya, kuma zakara ita ake fara wawashe wa 'yan wasa. Rangers a filinta na Enugu, da jama'arta a bayanta, ba ta da nisa da kofi a kowace shekara. Enyimba mai kofi tara ba a cire ta a lissafi ko tana rangaji. Ƙungiyoyinmu na Arewa kuwa, da zuciya ɗaya nake so in sa ɗayansu a sama, amma sharuɗɗan ba su canza ba: a biya yara a kan lokaci, a bar koci ya shekara biyu ko uku, a buga duk wasannin gida a gida ba tare da an kore su ba, a kuma samo wa ƙungiya hanyar zuwa Uyo da Fatakwal da ba za ta karya ta ba kafin a busa usur. Duk wadda ta cika uku daga cikin huɗun nan, ko Pillars ce ko El-Kanemi ko Katsina United, zan rubuta sunanta a huɗun farko tun kafin in ga ɗan wasa ko ɗaya da ta saya.